Bakwai, Ban da Kawu

Kujera arba'in muka jera a lungunmu na Ammariyya, layi biyu suna fuskantar juna, mu masu karɓar gaisuwa muna daga bakin ƙofa. Kwana uku ake zama, daga Magariba zuwa Isha, ana zagayawa da gahawa da dabino. Ni na jera kujerun da hannuna. Da Kawu yana nan ya ga layi ya karkace, da sai ya sa an sake.

Kowa da sunan da ya zo masa da shi. Mutanen Nijar suna cewa Allah ya jiƙan Kapiten. Waɗanda aka haifa a nan Jidda suna cewa Daktur. Mutanenmu na gida suna cewa Kyaftin. Wata tsohuwa 'yar Chadi ta ƙi shiga wajen mata, ta tsaya a bakin lungu tana buga sandarta a ƙasa tana cewa, "Ƙafar nan tasa ce, ba tawa ba. Shi ya haɗa ta. In ta sake karyewa wa zan kai wa?"

Ina jin su, ina amsawa da amin. Amma akwai suna na huɗu, wanda Kawu ya bar mini wasiyya in faɗa a gaban jama'a in ya rasu. Ranar farko ta wuce ban faɗa ba. Ta biyu ma ta wuce.

A ta uku wani dattijo ya shigo, baƙo ne da ya zo Umara ya sauka a unguwar Balad, ya biyo mai masaukinsa gaisuwa ba tare da ya san wanda ya rasu ba. Da ya zauna ya tambaya. Aka faɗa masa suna, da sunan garin da Kawu ke liƙawa a bayan sunansa, aka ce likitan soja ne a da.

Ya ajiye finjalin gahawa a ƙasa a hankali.

"Dogo? Mai tabo a haɓa?"

Na ce, "Shi ne, Baba."

"Yaushe?"

"Shekaranjiya, bayan La'asar."

Ya girgiza kai. "A'a. Ba shekaranjiya ba. Ni na yi gaisuwar mutumin nan a bariki, ina saje a asibitin soja. An karanta sunansa a fareti, an busa masa begila. Shekara talatin da wani abu ke nan."

Mai zuba gahawa ya tsaya da buta a sama. Na ji wani a bayana yana neman tsari a ƙasan maƙoshi.

Zan dawo kan dattijon nan. Ba na son labari a hargitse, don haka zan fara daga inda ya kamata.

Kawu wan mahaifiyata ne. Na zo masa Jidda ina da shekara talatin, na zo Umara na zauna. Karatuna bai wuce firamare da shekara biyu a gaba ba, sai dai rubutuna yana da kyau. Ina tsaron sito a wani kantin yadi a Balad. Gida ɗaya muka zauna da shi shekara ashirin da shida, kuma a cikinsu babu safiyar da bai ƙirga mu ba.

Ga yadda yake yi. In an dawo daga Asuba, kafin a ɗora shayi, sai ya tsaya a tsakiyar falo, hannu a baya, ya kira mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Inna, matarsa, ita ce farko. Sai 'yarsa, taubashiyata, sai mijinta, sai 'ya'yansu mata biyu, sai ni, sai matata. Kowa ya amsa da "Hadir," wato ina nan. In ya gama ya ce, "Bakwai. Cif." Sannan a karya.

Ba a amsa wa wani. Wata rana Inna tana kwance da zazzaɓi, 'yarsa ta amsa mata. Ya ce, "Ban kira ki ba." Ya taka har bakin gado, sai da ya ji da kunnensa.

Ya ce a asibitin soja ya koya, lokacin yaƙi. Sun taɓa tashi daga wani wuri suka bar mutum kwance a ƙarƙashin itace yini guda, don an tsallake shi a ƙirga, wanda aka tsallake kuwa babu mai fita nemansa. Da suka koma sun tarar da shi idonsa a buɗe yana kallon hanya. Kawu bai taɓa gaya mini ko da rai suka same shi ba, ni ma ban tambaya ba.

Na taɓa ce masa, "Kawu, ai mu takwas ne."

"Wa ka ƙara?"

"Kai."

"Mai ƙirga ba ya ƙirga kansa. Wani ne ke ƙirga shi. Ni kuwa nawa mai ƙirgar bai gama ba."

Ban gane ba sai da na san labarin shekara huɗun.

Kawu yana kyaftin, tauraro uku a kafaɗa, aka tura shi Masar ƙarin karatu kan aikin ƙashi. Dokar a lokacin, yadda ya bayyana mini, ita ce likitan soja in ya tafi irin wannan karatu ya dawo da babbar takarda, ana haɗa shekarun karatun da shekarun aiki, kuma da su ake hawa muƙami. Shekara huɗu ya yi. Da lissafi, ranar da ya sauko daga jirgi manjo ne. Ya je ofishin da ke riƙe da takardun sojoji, aka ce ba a ga fayil ɗinsa ba, ya dawo gobe. Ya dawo gobe. Kusan shekara guda yana zaman benci ɗaya, waɗanda ya koya wa ɗinkin rauni suna wucewa ta gabansa da mikiyar manjo a kafaɗa, shi ne mai miƙewa ya sara musu. A ƙarshe aka ce za a iya buɗe masa sabon fayil, ya fara daga farko, ba shekara huɗun, ba kuma waɗanda suka gabace su. Ya ce bai yarda ba. Da aikin Hajji ya zo, can ƙarshen shekarun saba'in, ya rako wasu alhazai a matsayin mai duba lafiyarsu. Suka koma, shi bai koma ba.

A nan iƙamarsa, wato takardar izinin zama, lebura ta ce. Kafilinsa, wanda ya tsaya masa a takardar, yana da kantin magani a unguwar Sharafiyya, aikin Kawu shi ne jera kwalaye. Bai taɓa kuka da wannan ba. Ya ce takardar nan ba ta yi masa alkawarin komai ba, ta soja ce ta yi.

Amma duk wanda ya karye a cikin mutanenmu, ba shi da takardar da zai shiga asibiti da ita, ƙofarmu ake kawo shi. Tsohuwar nan 'yar Chadi mota ce ta buge ta da rana tsaka tana tallar gyaɗa, aka kawo ta kan wani tsohon ƙyaure. Kawu ya wanke hannu har gwiwa. Ya tsayar da mijin 'yarsa a kai, ni a ƙugu, ya ce kada wanda ya motsa sai ya ce. Ya bi ƙafar da yatsa, idonsa a rufe, leɓensa yana motsi. Na ɗauka addu'a yake. Daga baya ya ce mini ƙasusuwa yake kira da sunayensu, yana jin wanda bai amsa ba. Da ya ja, ƙarar ta kai bakin titi. Wata uku tana kwana a ɗakin Inna.

Ranar da ta fara takawa ta ɗaga hannu sama ta ce, "Allah ya sa ka zama Janar!"

Ya ce, "Hajiya, ki rage. Mataki ɗaya nake nema, kin ɗora mini bene."

Matakin nan ɗaya shi muke rubuta wa wasiƙa kowace shekara bayan aikin Hajji. Shi ke faɗa da Turanci, yana rarrabe mini harufan kalmomin da ban sani ba, ni ina rubutawa. Wasiƙar ɗaya ce kullum: ga lambata, ga ranar da na tafi, ga ranar da na dawo, ga takardar karatu, a ƙirga mini shekara huɗu. Sai mu ba wani alhaji mai komawa gida. Taubashiyata takan leƙo ta ce mini, "Saje, yau kuma ranar rubuta wa bango ce? Yalla, sa musu a ƙasa su ba ka kofur kai ma." Saje take kirana don tsokana, wai na fi ubanta son layi. Nakan ce ta kawo shayi ta ba mu wuri. Kawu ba ya sa baki, amma nakan ga gemunsa yana rawa.

Amsa ta zo ina shekara ta ashirin a gidan. Wani alhaji ya kawo mini ita kanti. A bayan ambulan ba sunan Kawu kaɗai aka rubuta ba. An rubuta: ga iyalan marigayi Manjo, sannan sunansa da garinsa da lambarsa, ba kuskure ko ɗaya.

Na shiga sito na buɗe. Layi bakwai ne. An ce an duba, an ga fayil. Mai wannan lamba ya rasu tun yana shekara ta ƙarshe a karatu. An ƙirga masa shekarunsa huɗu cif, an ba shi muƙamin manjo bayan rasuwa, an rufe fayil. Layi na ƙarshe ya ce ana roƙon duk wanda ke rubuto wasiƙu da sunan marigayi ya daina.

Na duba hannuna. Ni ne mai rubutawa.

Na tura ta ƙarƙashin wani bandir na yadi. Kwana goma sha biyu ban ce komai ba. Wannan laifina ne, kuma na rubuta shi a nan don kada a ce na gyara wa kaina labari. Ranar Juma'a Kawu ya haɗu da alhajin a masallaci, alhajin ya tambaye shi ko ya ga saƙo.

Bai yi mini faɗa ba. Washegari da safe ya tsaya a falo, ya kira Inna, ya kira 'yarsa da mijinta da 'ya'yansu. Na gyara tsayuwa. Ya kira matata.

"Shida. Cif."

Na ce, "Hadir," ba a kira ni ba. Idonsa ya bi ta kaina ya wuce zuwa bango, yadda ido ke wuce labule. Aka kawo shayi, kofi bakwai har da nasa, don Inna ba ta saɓa ƙirgarsa. Na tsaya a cikin ɗakin da na shekara ashirin ina karyawa, ina jin ƙarar cokali, babu wanda ya ɗago. Kwana uku yana haka. A na ukun na tsinci kaina ina taɓa fuskata a hanyar Balad. Da yamma na kawo masa wasiƙar, na durƙusa.

Ya sa tabarau, ya karanta sau biyu. Ya ninke ta yadda take.

"Ashe sun ƙirga," in ji shi.

Taubashiyata ta karɓa ta sa na fassara mata. Ta tafa hannu. "To halas, shi ke nan, Baba! Ai ka samu. Mabruk, Manjo!"

"Kul," ya ce. Ban taɓa jin ya yi mata tsawa ba sai ranar. "Ba nawa ba ne. Na wani mamaci ne."

Na ce, "Kawu, mu rubuta mu ce kana raye. Ko ka je da kanka su gan ka."

"In na je da rai, sai su buɗe fayil. In sun buɗe, wa za su gani? Kyaftin da ya bar aiki ba izini. Manjon yana cikin rufaffen." Sannan ya ce, "Ka san wanda ya mutu?"

Na ce ban sani ba.

Ya ce akwai wani a asibitin soja, sunansu ɗaya, garin da suka liƙa a bayan suna ɗaya, tunda haka ake rubuta mutanenmu a aikin soja, suna da gari. Takwara suke kiran juna. Yana Masar ya ji takwaran ya rasu. "Akawu ya ɗauko fayil ya rufe, nawa ya ɗauko. An ba ni mutuwarsa, shi an bar shi da raina. Addu'ar da aka taru aka yi, da sunana da lambata aka yi ta. Ni na cinye masa."

Inna ta ce ya daina irin wannan magana, Allah ya san wanda ake nufi. Ya ce haka ne, Allah ya sani, amma shi ma yanzu ya sani.

Daga ranar muka daina wasiƙa. Kowace Juma'a yakan sayi burodi da ruwa ya raba a bakin masallaci, in an ce Allah ya ba da lada ya ce a kai wa takwaransa. Ya sa wasiƙar cikin ledar da yake ajiye likkafaninsa. Sannan ya kira ni shi kaɗai ya ce, "Muddin ina numfashi, kada wanda ya kira ni da sunan nan. Ranar da na cika ya zama nawa. Kai ne ka rubuta musu wasiƙun, kai za ka faɗa. A gaban mutane, ba a ɗaki ba."

Washegari ya kira sunana a wurinsa. Ban taɓa amsa kira da ƙarfi kamar ranar ba.

Shekara shida ya yi bayan haka. Ranar da zai rasu lafiyarsa ƙalau. Ya ƙirga mu, ya ce, "Bakwai." Muka jira kalmar da ke biye, bai faɗa ba. Ya tsaya yana kallon ƙofa kamar akwai saura, har Inna ta ce shayi zai huce. Bayan La'asar matata ta same shi zaune a kujerarsa, bayansa a miƙe, takalmansa a jere a gefe, kawunansu na kallon ƙofa.

Takardar binnewa abin da iƙama ta ce shi ta ce: lebura. Kabari a nan ba a rubuta masa suna. Na tsaya ina ƙirga layuka daga bango don in gane wurin, mai tsaron maƙabarta ya dafa ni ya ce kada in wahalar da kaina. Ke nan babu inda muƙamin nan zai zauna a duniya sai a bakina.

Bakin kuwa ya ƙi. Dalilina shi ne wannan. In na ce Manjo, na sa hannu a takardarsu. Na yarda mutumin da ya ƙirga ni shekara ashirin da shida matacce ne tun kafin in zo. Kwana biyu ina buɗe baki ina rufewa.

Yanzu na dawo kan dattijon.

Ya dubi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "To mu wa muka busa wa begila?"

Na miƙe. Na zaro wasiƙar daga aljihu, don na cire ta daga ledar kafin a ɗauki likkafani. Na ce, "Baba, wanda kuka yi wa gaisuwa takwaransa ne, Allah ya jiƙansa, ku sa shi a addu'a yau. Jama'a, ku ji. Wanda muka binne shekaranjiya ba lebura ba ne, ba kuma kyaftin ba. Manjo ne, likitan ƙashi. Shekararsa huɗu ta karatu an ƙirga masa. Ga takarda."

Dattijon ya dafa kujera ya tashi. Ya haɗa dugadugansa, ya juya wajen ƙofar gidanmu, ya sara. Ya daɗe hannunsa bai sauko ba, kuma idonsa ba a wuri ɗaya ya tsaya ba, a hankali ya bi daga ƙofa zuwa bakin lungu. Mutane da yawa suka juya. Ni ma na juya. Ban ga komai ba sai tsohuwar nan da sandarta, ta matsa gefe ta jingina da bango. Abin da na gani ke nan, ba zan ƙara a kai ba.

Da zai tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Sau biyu ke nan, ɗana. Kada ku kira ni na uku."

Allah ya yafe wa Kawu, ya yafe wa takwaransa, ya haskaka musu inda suke kwance, ya sa su cikin waɗanda za a kira da sunansu na gaskiya su amsa ba tsoro.

Kwana ukun makoki babu wanda ya ƙirga mu. A safiya ta huɗu muka dawo daga Asuba, Inna tana zaune a falo da mayafin takaba, ba ta ɗora shayi ba. Ta ce, "Ba za a karya ba sai an ƙirga." Duk suka dube ni. Taubashiyata ta ce, "Yalla, Saje," amma ba da tsokana ba.

Na tsaya inda yake tsayawa. Na kira su a jere, da na zo kaina na amsa, na kira matata. Na ce, "Bakwai."

Bakwai muke yana raye, bakwai muke yana kabari. Mutum ya fita daga gida ƙirga ba ta motsa ba.

Inna ta ce, "Ka yi kuskure. Mai ƙirga ba ya ƙirga kansa. Sake."

Na mayar da hannuna baya. Na fara da shi. Na ce, "Manjo." Na bar fili daidai tsawon kalma ɗaya, babu wanda ya yi ko tari. Sannan na kira Inna, da 'yarsa, da mijinta, da 'ya'yansu biyu. Na tsallake kaina. Na kira matata.

"Bakwai," na ce.

Inna ta ce, "Cif." Ta tashi ta ɗora shayi.